Hannun Baba da Maus

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma gidanmu na masu riƙon al'ada ne. Baba ba ya kama sunana. Kai, ko magana ba ya yi mini kai tsaye in da yadda zai kauce. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "Da za a samu ruwa a gidan nan." In na yi laifi sai ya tara ƙannena ya yi musu faɗa, ni kuma in tsinci rabona a ciki. Inna ma ba ta kama sunan, amma ita a wurinta faɗa ba ya cikin kunya, a fuska take sauke mini shi. Ni kuwa Allah Ya yi ni da baki, ga rashin haƙuri. Ban iya kewaye-kewaye ba. To mu biyun nan, ni da Baba, aka haɗa a shago ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi.

Baba mai buga tafireta ne. Ya zauna a bakin ofisoshi da yawa a garin nan, na ƙarshe wata rumfa ce kusa da sakatariyar Tarauni. Takardar neman aiki, takardar koke, yarjejeniyar haya, duk shi ake kawo wa. Mutum zai zo da maganarsa a hargitse, Baba ya saurara, ya jera ta da Turanci ko da Hausa, ya buga, ya karanta masa, mutumin ya tafi yana jin kamar har an biya masa buƙata.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ni ma na gama sakandare. Gari ya cika da 'yan siyasa. Wanda jiya kake gani yana faci a bakin titi yau an ce kansila ne, kuma kowa yana da takardar da yake son ya miƙa masa. Ƙungiyoyi suka tsiro kamar ciyawar damina, ta matasa, ta 'yan acaɓa, har da ta mata masu ƙosai, kowace tana son ta taya mai girma murna ta kuma tuna masa alkawari. Aiki ya samu, sai dai ba na Baba ba. Kowa takardar kwamfuta yake so, mai manyan baƙaƙe a sama. Sai mutum ya zo har rumfa, ya gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya wuce titin gidan zu, inda masu kwamfuta suke, da takardarsa a aljihu.

Ƙanin Baba da ke aiki a Kaduna ne ya ga abin ba zai yiwu ba, ya aiko da kwamfuta ta hannu da firinta, aka kama ɗan shago. Ni na ɗan yi kwas ɗin kwamfuta ina jiran sakamakon jarrabawa, don haka kowa ya san abin da zai kai ni wurin. Amma ba wanda ya faɗa. Inna cewa ta yi, "Ki riƙa bin Babanku kina share masa shago."

Kibod bai ba Baba wahala ba ko kaɗan. Ya dube shi, ya ga haruffan suna nan inda ya bar su a tafireta, ya ce da fanka, "Ashe dai ba su canja komai ba." Matsalar kawai irin dukan da yake yi masa. Yana buga maɓallan kamar an kama ɓarawo a kasuwa, kuma in ya kai ƙarshen layi sai hannunsa na hagu ya tashi ya mari iska, yana neman ƙarfen nan da ake turawa a tafireta. Ranar farko na yi dariya har na ƙware. Ya ce da ƙofa, "Wasu makarantun dai ba sa koyar da ladabi."

Sauran aikin da ido ya ɗauka. Ina yi yana kallo ta gefen jarida: inda 'yar kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfuta take zuwa a buɗe takarda, inda take zuwa a baƙanta layi, inda take zuwa a buga a firinta. Kansa ya ɗauka tsaf. Hannunsa ne ya ƙi.

Shekarun baya Baba ya faɗo daga acaɓa ya karya wuyan hannunsa na dama. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama, amma ya kama a ɗan karkace, kuma gaɓar ta sandare. Yatsun lafiyarsu ƙalau, sama da ƙasa suna tafiya kamar na saurayi. Amma a ce ya dafe abu ya riƙa jan sa dama da hagu a kan tebur, nan ne zafin yake tasowa ya bi damtse har kafaɗa. Maus kuwa, ɗan abin da ake ja a kan tebur a tuƙa kibiyar, aikinsa ke nan. Ga namu irin mai ƙwallo a ciki ne, in ya sha datti sai ya riƙa cijewa, sai ka ɗaga ka buga ka sake ja. Danna sau biyu da sauri kuma ya fi komai ba shi wuya. Kafin la'asar hannun ya kumbura. Bai taɓa cewa wash ba. Ni dai ina ganin Inna tana ɗora ruwan zafi kullum in mun dawo, tana neman man kaɗanya.

Na ce wannan ai ba abin wahala ba ne. Wata safiya kafin ya iso na zagayo da wayar, na ajiye maus a hagu.

Ya zauna, ya dubi tebur, ya dubi rufi. "Wa ya mayar da abin nan hagu?"

"Baba, ai haka ake yi. Hagun ba abin da ya same ta."

Ya dai gwada. Da farko kibiyar ta riƙa yawo kamar akuyar da ta tsinke igiya, daga baya ta nutsu. Kumburi ya sauka, Inna ta huta da ɗora ruwa, ni kuma na fara tafiya ina ɗaga kai, na ga na warware abin da ya gagari manya.

Sai ga wani dattijo daga Darmanawa, abokin Baba tun zamanin rumfa, ya kawo takardar kwamitin masallacinsu ta neman a taimaka musu da kwanon rufi. Ya tsaya a bayan Baba yana kallon rubutu yana fitowa a fuskar kwamfuta, yana ta tasbihi don mamaki. Layin farko da sunan Allah aka buɗe shi, kamar yadda aka saba. Baba ya gama bugawa, ya kai hagu kan maus, ya tura kibiya kan layin nan don ya mayar da shi tsakiya.

Dattijon ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Malam, da hagu?"

Shi ke nan abin da ya ce. Baba ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi. Ya jawo maus ɗin ya dawo da shi dama, ya ƙarasa aikin yana gumi. Da dattijon ya tafi, ya ɗauko ƙyallen da muke rufe kwamfuta da shi in za mu tashi, ya rufe ta da rana tsaka. Ya ce da ƙofa, "In an yi Sallah sai a nemi mai zama a nan. Kowane zamani da mutanensa."

A gida na tayar da ƙura. Na ce da Inna, "Kibiya ce fa take nunawa, ba hannu ba! Kuma da yake bugawa ba da hannu biyu yake bugawa ba? Harafin farko na sunan ma a ɓangaren hagu yake!"

Ta ce, "To Malama, je ki gaya masa."

"Ai ba zai saurare ni ba."

"To ki rufe mini baki." Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce, "Bugu daban, nuni daban. Ke kin taɓa nuna babba da hagu? Ki dai yi addu'a kar ya zauna a gida. Mutumin da ya saba fita da safe ana kiransa Malam mai tafireta, in ya koma zaman dakali me za a kira shi? Kin ga yadda maƙwabcinmu ya koma tun da ya bar aiki, har hularsa ta yi masa yawa."

Washegari Baba ya sa aka ɗauko tafiretarsa daga gida, ya kafa ta a kan ɗan tebur a bakin ƙofar shago, ya zauna a bayanta da jarida. Ba mai kawo mata aiki. Ni nake yin na kwamfuta, shi kuma in takarda ta fito ya karɓa ya duba, ya sanar da bango cewa an manta waƙafi a layi na uku. Ga azumi ya kusa, Sallah tana biye. Ya fara yin shiru irin wanda ban san shi da shi ba, har gyaran waƙafin ya rage.

Shagon da ke jikin namu na wata mata ce 'yar Kudancin Kaduna, kowa Madam yake ce mata. Ta yi aikin sakatariya a wata ma'aikata ta yi ritaya, ta buɗe wurin fotokwafi tana kuma sayar da takarda da ambulan. In an ɗauke wuta ni da ita muke zama a kan benci muna fifita. Ranar nan Baba ya tafi masallaci, na zazzage mata komai, ban bar dattijon Darmanawa ba, ban bar wanda ya ƙirƙiro maus ba.

Ta ce, "Mu da aka fara kawo mana kwamfuta a ofis, ina muka ga wani maus? Fuska baƙa ƙirin, rubutu kore, da yatsu muke komai."

"Wannan ai ta da ce, Madam. Tamu ba haka take ba."

"Ke matsalarki ba kya bari a kai aya. Bari a kawo wuta."

Da aka kawo wuta ta shigo, ta gyara tabarau, ta danna wani maɓalli a gefen dogon nan na ƙasa, wanda aka rubuta wa Alt. Sai na ga kalmar farko a jerin saman fuska ta ɗan taso. Ta danna kibiyar ƙasa, jerin ya buɗe kamar an taɓa shi da maus.

"Kin ga haruffan nan da aka ja wa layi a ƙasa? Kin ɗauka kwalliya ce?"

Wallahi na ɗauka kwalliya ce. A kwas ɗinmu ba wanda ya taɓa ambatarsu. Ta nuna mini in ka danne Alt ka buga harafin mai layi, abin yana buɗuwa da kansa. Ta nuna mini Tab, mai tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi. Na ce sauran fa? Ta ce, "Sauran sun bi fansho, har yau ba su fito ba. Ke da kike da ƙuruciya ki nema."

Na tura maus bayan kwamfuta, na rantse ba zan ƙara taɓa shi ba sai na ga ƙarshen abin. Na sha wuya, kwamfutar ma ta sha. Na rufe takardar wani mai neman aikin malanta ban adana ba, sai da na sake buga ta daga farko yana tsaye yana tsaki, ni ma ina yi. Na buɗe abubuwan da har yau ban san sunansu ba. Amma a hankali na lura cewa in jeri ya buɗe, a gefen kowane umarni an rubuta gajeriyar hanyarsa. Ashe duk suna nan a gabana. Kontrol da harafi ɗaya ya baƙanta layi, da wani ya kai shi tsakiya, da wani ya adana, da wani ya aika firinta. Shif da kibiyoyi su zaɓo rubutu. Har na gano ana iya tuƙa kibiyar maus ɗin kanta da maɓallan lamba, sai dai tafiyarta ta hawainiya ce, na ce wannan sai mai haƙuri, na bar ta.

Ranar da na yi takarda guda daga kunnawa har kashewa ban miƙa hannu gefe ba, na juya da murna na ce, "Baba, zo ka gani, in nuna maka!"

Ya naɗe jarida, ya ɗauki buta, ya tafi alwala. Ko lokacin salla bai yi ba.

Na shiga wurin Madam kamar zan fashe. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke 'yar fari ce. So kike ya zauna a gabanki kamar ɗan aji ɗaya, kina cewa danna nan, mutane suna wucewa?"

"To ya kalla mana, kamar yadda ya kalli na maus."

"Na maus ana ganin inda kibiya ta je. Yatsunki wa yake ganinsu, da wannan saurin naki kamar ana bin ki?"

"To ke ki koya masa."

"Ni matar wani, in ja kujera in zauna kafaɗa da kafaɗa da Malam? Kina son ya ƙaura daga unguwar?" Ta yi dariya. "Shi in yana son ruwa da wa yake magana?"

"Da bango."

"To ke ai kina da abin da ya fi bango. Naki har amsawa yake yi."

Daga ranar na fara yi wa kwamfuta magana. Da yake ban iya lallashi ba, faɗa nake mata. In aka kawo aiki sai in ɗaga murya: "Ke, saurara. Zan danne Shif da hagu, in bi layin nan da kibiya. Kin gani ya yi baƙi? To yanzu Kontrol a hagu, B a dama. Baƙanta shi, kar ki ɓata mini lokaci." Dole na rage sauri, abin da ya fi komai ci mini rai. Masu kawo aiki suka fara kallona. Wani ɗan acaɓa ya sunkuya ya ce da Baba, "Malam, yarinyar nan lafiya kuwa?"

Baba ya ce, "Haka ake koya musu yanzu."

Jarida tana gaban fuskarsa, amma shafin ba ya juyawa. Ta ƙasan tebur nake hango yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Bayan 'yan kwanaki ya fara jefo tambaya. Ya dubi fanka ya ce, "Ita wannan na'ura, in mutum ya goge abin da bai yi niyya ba, shi ke nan ya tafi?"

Na goge layi guda da gangan, na ce, "Ke, dawo da shi. Kontrol a hagu, Z kusa da shi." Layin ya dawo.

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe tana karɓar tuba."

Shi ya raɗa wa maɓallan suna. Wannan ya zama Tuba. Na can saman kusurwa, mai rufe duk akwatin da ya buɗe ba a so, ya zama Na Fasa. Abin da ya fi kwanta masa a rai shi ne rabon aikin. Na ji shi yana gaya wa ƙofa, "Hagu ta riƙe ƙyaure, dama ta shiga. Haka ya kamata."

Amma bai taɓa kwamfutar ba, a gabana dai. Azumi ya kama, na riƙa shiga wurin Madam da rana in ɗan miƙe a kan bencinta. Wata rana ina kwance sai na ji duka ta bango, irin dukan da mutum ɗaya ne a duniya yake yi wa kibod. Na zabura. Madam ta dafe ni.

"Ina za ki?"

"Zai ɓata mini takardar masu ƙosai!"

"Ya ɓata. Kwanta."

Na kwanta ina jin kowane bugu a ƙirjina. Can dukan ya tsaya, ya daɗe shiru, na ce ya maƙale. Sai ya ci gaba. Da na koma na tarar da shi a bayan tafireta da jaridarsa, kwamfuta a rufe da ƙyalle. Na buɗe, takardar masu ƙosai tana nan, sai dai duk ta koma tsakiya, tun daga adireshi har sa hannu. Na danne zuciyata, abin da a wurina ya fi azumin wuya. Na dai ce da kwamfutar, "Ke, in an ce tsakiya, layin da aka zaɓa kaɗai ake nufi, sai a duba me ya yi baƙi kafin a danna." Na ji an yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Haka muka yi ta yi. Ni in tsawaita kwanciya a bencin Madam, shi ya yi ta duka, in dawo in tarar da ɓarnar ranar in yi wa kwamfuta faɗa a kanta. Ɓarnar tana raguwa. Amma maganar neman mai zama bai janye ta ba, kuma har ƙaninsa ya aiko cewa ya samo wani da zai karɓi shagon bayan Sallah.

Ana jibi Sallah 'yar ƙanwar Inna da ke Babban Giji ta kira mai lalle, aka ce duk 'yan matan dangi su je. Na ce ba ni zuwa, akwai aiki. Inna ta ce sai na je. Na ce to a rufe shago. Baba ya ce da takalminsa, "Shago ba ya rufuwa don ƙunshi."

Na je. Aka zana mini hannu biyu har wuyan hannu, aka ce in zauna kar in motsa sai ya kama. Ni da zama? 'Yan uwa suna ta hira, ni hankalina yana Gyaɗi-Gyaɗi. Na sa aka yafa mini mayafi, na fito da hannuwa a sama kamar wadda 'yan sanda suka tare, na taho a ƙasa don ba yadda zan riƙe acaɓa.

Daga nesa na hango mutane a ƙofar shagonmu. Samarin wata ƙungiya ce ta magoya bayan kansila, sun zo a buga musu gaisuwar Sallah da za su manna a bango. Na kutsa na shiga. Baba yana kan kujerar kwamfuta, hularsa ta koma ƙeya. Ya riga ya buga komai, manyan baƙaƙe, kowane layi a tsakiya, ba kuskure ko ɗaya. Sai shugabansu ya ce a'a, shi a kwance yake son takardar, ba a tsaye ba, don sunan mai girma ya shiga layi guda.

Wannan ban taɓa yi wa kwamfuta faɗa a kansa ba. Baba ya lalubo da kansa har ya buɗe akwatin da ake gyara takarda. Yana jin Turanci, yana ganin kalmar da yake nema, amma ya rasa yadda zai kai gare ta. Ya buga Tab, ta tsallake wani wuri. Ya sake, ta ƙara nisa. Samarin suka fara surutu. Ɗaya ya ce, "Baba, ko mu je titin gidan zu?" Na ga hannun Baba na dama ya tashi a hankali ya nufi bayan kwamfuta, inda maus yake.

Da hannuna lafiya, wallahi da na ture shi na yi da kaina, na san halina. Da na gama a cikin ƙiftawar ido, samarin su yaba mini, shi kuma ya koma bakin ƙofa. Amma ga lalle ɗanye har yatsu. Ba abin da ya rage mini sai baki.

Na dubi kwamfutar na daka mata tsawa, "Ke kuma wane irin taurin kai ne wannan? Harafin da aka ja wa layi ai a cikin akwati ma yana aiki! A danne Alt a buga shi, ki ga in ba ki bi ba."

Samarin suka juyo suna kallona, mace da hannuwa a sama tana zagin na'ura. Hannun Baba ya tsaya a iska. Ya dawo. Ya matsa da fuskarsa kusa, ya nemi layin, ya danne da hagu ya buga da dama. Shafin ya canja. Ya sake nema, ya sake bugawa. Ɗan hoton takardar da ke cikin akwatin ya kwanta. Ya buga Enta da ƙarfin da na ce maɓallin ya tafi ke nan, sannan Kontrol da P, firinta ta fara kukanta.

Shugaban samarin ya ɗaga takardar sama. "Kai! Baba, ashe kai ma ɗan zamani ne. Ko ɓeran nan ba ka taɓa ba."

Baba ya gyara hula. "Wannan na masu koyo ne."

Na buɗe baki, na rufe. Madam da ke tsaye a bakin ƙofa ta toshe nata da gefen zane.

Da suka watse Baba ya zauna yana murza yatsu, ba wuyan hannu ba. Ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar. Sannan ya ce da ita, ita kanta, karo na farko, "A aika wa na Kaduna ya ba mutumin nan haƙuri, wurin ba zai samu ba." Ya shafa aljihu. "Mukullin shagon nan a hannun wa yake ne?"

A bakin mayafina yake a ƙulle, ni nake buɗewa kullum. Na kasa kwancewa saboda lallen. Madam ce ta zo ta kwance, ta miƙa masa da hannu biyu, ya jefa a aljihun gaba ya dafa.

Na ce da kwamfutar, "Wato korata aka yi."

Ya ce, "Masu lalle dai su koma inda ake lalle, kar su shafa wa takardun mutane."

Na koma Babban Giji a ƙasa kamar yadda na zo, rana tana dukana, ga ƙishirwar azumi. Mai lallen ta kama hannuwana ta juya su, ta ga yadda gumi ya kwaɓe zanen, furannin duk sun zama taswira, ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin mara haƙuri irina ba, kuma ba za ta sake ba ko an roƙe ta. Haka na yi Sallar da shi.